Zakin Malam Ɗanjuma a Ƙasar Faransa

Ƙyauren ya riga ni isa Marseille, kuma tun ranar da aka ɗora shi a mota daga Kudan ban ƙara yin barcin kirki ba. Ƙyauren bayan gingimari ne, na katako, irin wanda ake tare lodin rake da shi. A jikinsa akwai zakin maigidana, Malam Ɗanjuma Mai Zaki, wanda ya koya min zanen mota tun ina wanke masa buroshi.

Duk wanda ya tashi tsakanin Kudan, Makarfi da Ikara ya san zakin nan: yana tsaye cikin koriyar ciyawa, ƙafa ɗaya a kan dutse, rana na faɗuwa a bayansa. Motocin rake da na tumatir sun kai shi Kudu, wani Bature ya ɗauki hotunansa tun da daɗewa, har ya shiga littattafansu mu ba mu da labari. Malam ya rasu, bodin katako ya ƙare, wasu ƙyauren an yi makamashi da su. Guda ɗaya ya rage, a rataye a zauren gidansa, matarsa Inna Hajara na gadinsa.

Wata Bafaranshiya, Madam Odil, ta zo Kudan ta ɗauki hoton ƙyauren. Ta ce za ta shirya baje kolin zane don girmama Malam: masu zanen zamani kowa ya sake zana zakin yadda ya ga dama, a kafa na asalin a tsakiya. Inna ta yarda bisa sharaɗi ɗaya. Ni zan bi shi, ni zan dawo da shi.

"Lawal," ta ce da ni, "yadda ya fita gidan nan, haka nake so ya dawo."

Da wannan maganar a kunnena na sauka filin jirgi.

Wanda ya tarye ni wani dogon mutum ne ɗan Damagaram, sunansa Issufu, shi aka ɗauka ya yi min tafinta. Mun gaisa sosai, na ji sanyi a raina da jin Hausa, amma bai daɗe ba ya ce in ba shi fasfo ɗina ya ɗauki hotonsa. Na ba shi, sai dai ban saki gefe ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi yatsuna, ya yi dariya.

"Malam Lawal, ai ba ci zan yi ba."

"Na sani. Ɗauki a haka."

"Za mu sha aiki da kai," in ji shi.

A tashar jirgin ƙasa wani mai fara'a ya sayar min da layin waya, ya rantse da hannu da ido cewa zai kai ni wata guda. Washegari layin ya mutu. Da na gaya wa Issufu sai ya ce ai ya so ya hana ni, ya ga ba na son shawararsa. Ni kuwa na ƙudurta a raina cewa bakinsu ɗaya da mai layin. Daga ranar na sa masa ido.

Masaukin da aka ba ni wani ɗaki ne can ƙololuwar bene, taga na kallon bangon maƙwabta. Iskar garin nan ba ta da mutunci ko kaɗan, ta ƙarƙashin ƙofa take shigowa ta same ka har cikin bargo. Burodinsu kuwa sai ka yi da gaske kafin haƙori ya shiga. Na yi kewar gida ƙwarai. Abin da ya fi damuna ƙamshin mazarƙwaila ne, yadda yake tashi daga gonakin rake a bayan Makarfi idan ana dafawa da hantsi. Tari ya kama ni. Wata tsohuwar Balarabiya mai shagon burodi a ƙasan benen ta ji ina ta faman tari a matakala, ta tare ni da kwanon miya mai zafi, tana magana da hannu. Allah ya yafe min, har ita sai da na zarga. Na yi ta bisimilla, na ɗanɗana kaɗan na jira in ji abin da zai faru. Ba abin da ya faru sai gumi mai daɗi. Daga nan kullum da kwanona, ita ce kuma ta nuna min hanyar masallaci.

Ranar da na fara zuwa gidan baje kolin, ko zama ban yi ba na ce a nuna min ƙyauren. Aka kai ni wani ɗaki a baya, ga akwatin katakon da muka ƙulle shi a ciki, ƙusoshina na nan yadda na buga su, don na duba ɗaya bayan ɗaya. Na ce a buɗe. Madam Odil ta yi dogon bayani, Issufu ya juya min.

"Ta ce sai ya huta tukuna. Katakon zai saba da iskar ɗakin kafin a buɗe."

"Ya huta?"

"Haka ta ce."

"Issufu, katakon da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Makarfi da Legas, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, shi ne yau yake neman hutu? Gaya mata ni ba yaro ba ne."

Ban san abin da ya gaya mata ba, na dai ga ta yi murmushi. Wannan ma ya ƙara min zargi: mutum ɗaya ne ke riƙe da bakina da kunnena a ƙasar nan, kuma ban yarda da shi ba. Sai na samo kujera na dasa kusa da akwatin. Kullum da safe ina nan, ba na tashi sai salla.

Daga kujerar nan na ga aikin sauran masu zanen yana shigowa, raina ya yi ta ɓaci. Wani ya ƙera zakin da murafun kwalba. Wani ya zana ciyawar da ranar, ya bar gurbin zakin fari fat, ya ce ya gama. Wata yarinya 'yar Senegal, Aminata, ta zana shi a kwance, ya tsufa, haƙarƙarinsa a waje, dutsen da yake takawa ya zama matashinsa. Na tsaya gaban wannan na kasa haɗiye magana.

"Tambaye ta, maigidana ya yi mata wani laifi ne?"

Issufu ya tambaya. Ta juyo ta dube ni sosai kafin ta ba da amsa.

"Ta ce babanta direban babbar mota ne. Hoton zakin nan yana manne a gaban motarsa har ya daina tuƙi. Ta ce babanta ta zana yadda ta bar shi a gida, da zakin da yake so. A wurinta girmama gwani shi ne ka ba shi amsa da naka hannun."

"A wurinmu kuma," na ce, "girmama maigida shi ne ka yi aikinsa har a kasa ganin hannunka a ciki."

Ta gyaɗa kai, ba ta yi musu ba. Ni ma ban ƙara ba, don zancen uba ya shigo.

Ranar buɗe akwatin suka taru da fararen safar hannu kamar masu shirin fiɗa. Ni na zare ƙusoshin da kaina. Aka ɗaga murfi, aka yaye bargon da Inna ta lulluɓa masa, zaki ya fito yana sheƙi: gezarsa ja-ja-wur, ciyawa shar, rana kamar ka taɓa ta ka ƙone. Na ja da baya ina jiran in ji sun yi ta mamaki.

Madam Odil ta zaro wayarta, ta dubi hoton da ta ɗauka a Kudan, ta dubi ƙyauren, ta sake duban hoton. Fuskarta ta sauya. Ta yi magana da sauri. Issufu ya sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Malam Lawal, bari ta huce."

"Ka gaya min abin da ta ce."

"Ta ce ina na gaskiyar yake."

Sai da ya maimaita na gane. A hotonta ƙyauren ya koɗe, fenti ya ɓaɓɓare, idon zakin ɗaya ya kusa shafewa. Wannan kuwa sabo fil. A ganinta na sayar da na Malam a wani wuri, na zana jabu na kawo mata. Ni da na zo ina kallon kowa a matsayin ɓarawo, ashe ni ne za a fara kira da sunan.

Fushi ya kama ni. Na ce Issufu ya juya mata maganata kalma-kalma, kada ya rage komai. Na ce a sana'armu ba a barin aikin maigida ya koɗe. Mota ta yi 'yan shekaru a hanya, sai a dawo da ita a bi zanen da sabon fenti, layi kan layi. Malam da kansa haka yake yi. Da hannunsa ya fara rawa, babban yaronsa Habu ne ya bi wannan ƙyauren. Habu ya rasu, aikin ya dawo kaina, na bi shi sau ɗaya tun Malam na da rai. Da tafiyar nan ta taso, Inna ta dube shi a zaure ta ce, "Ba za a kai min shi garin mutane da tsumma ba." Sai na sayo fenti na zauna na sabunta shi, da alwala, da ladabi, yadda aka koya min.

Madam Odil ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce ko da gaskiya nake faɗa, abin da na yi ɓarna ce da ba ta taɓa ganin irinta ba. Na ce ɓarna ita ce a rataye zakin mutum a gaban baƙi ido ɗaya a goge. Muka yi ta yi, Issufu na tsakiya yana share zufa cikin sanyin nan.

Ƙarshen zancen ya fi farkonsa muni. Ba za ta rataye shi da sunan Malam ba, kuma ba zai fita daga ginin ba, don kamfanin inshorar da ya tsaya wa kayan ya ce sai an bincika. Hanya ɗaya ce: a kawo gwanar gyaran tsofaffin zane ta kankare wani wuri a jikin ƙyauren, a ga ko hannun Malam na ƙasa. Idan na ƙi, in koma gida ni kaɗai, a ci gaba da magana ta hannun lauyoyi.

Na koma kujerata na zauna. Zuciyata ta ce min wannan duk shiri ne: su ƙirƙiro zargi, su riƙe kayan, in tafi, shi ke nan. Idan kuma na yarda a kankare, na karya alkawarin Inna da hannuna. Ko ta ina na juya, ba daɗi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a tafiyar. Ma'aikatan gidan suka daina gaishe ni. Idan na zauna kusa da ƙyauren, sai wani ƙato ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana duba waya, alhali ni yake gadi. Ni ina gadinsu, su suna gadina. Aminata kaɗai ke zuwa. Takan kawo shayi kofi biyu, ta zauna a ƙasa kusa da ni, mu sha ba mai cewa komai, ta tashi.

Na ari wayar Issufu na kira gida ta lambar 'yar Inna. Muka gaisa, na tambayi jikinta, da gwiwarta, da mutanen gida, da ruwan bana. Ta tambayi sanyi, ta tambayi abinci. Daga nan ta ce, "Yana lafiya dai?"

"Lafiya lau, Inna."

"To, Allah ya yi maka albarka. Na san yana hannu."

Na kashe wayar ban iya faɗa mata ba. Issufu na gefe, ya ji komai. Ya karɓi wayarsa ya ce mu je mu ci abinci. A wani ɗan shago ya sayo mana shinkafa da kifi, ya bari na fara ci sannan ya yi magana.

"Malam Lawal, in gaya maka gaskiya? Ni ma da aka buɗe akwatin nan na zarge ka."

Na ajiye cokali.

"Wallahi. Na ce wannan mutumin da ba ya sakin fasfo, ba ya yarda da kowa, akwai abin da yake ɓoyewa. Amma na ji muryarka da tsohuwar nan. Ɓarawo ba ya gaisuwa haka. Matar nan ma ba ɓarauniya ba ce, tsoro ne ya kama ta, sunanta ta sa a aikin nan. Ranar komawarka na matsowa. Ka zaɓa: ka kai wa tsohuwa kayanta da ɗan tabo, ko ka je mata hannu rabbana."

Ban ji daɗin maganar ba, amma ban sami inda zan kama ta ba. Washegari na ce na yarda, da sharuɗɗa. Ni zan zaɓi wurin. Ba zai wuce tafin hannu ba. Ba za a taɓa fuskar zakin ba. Kuma ina tsaye za a yi.

Gwanar da suka kawo wata ƙaramar tsohuwa ce mai gilashi biyu a hanci. Ta gaishe ni da kai, ta shimfiɗa kayanta, 'yan wuƙaƙe da auduga da kwalabe. Na ɗora tafina a kusurwar ƙasa, inda bakin wutsiya ya sauka cikin ciyawa, na zagaye shi da alli. Ta fara. Hannunta a hankali yake tafiya, har na ji haushina ya ɗan sauka, don na san mai girmama aiki idan na gan shi.

Koren da na shafa kafin tafiya ya tashi. Na ƙarƙashinsa ma nawa ne, na tun Malam na raye. Sai wani kore mai duhu ya bayyana, mai kauri, buroshi ya danne shi da ƙarfi. Ban san lokacin da na ce "Habu" ba. Haka yake aiki, kamar mai yaɓen ɗaki, Malam ya yi faɗa har ya gaji. Na tuna yadda yake raba min ƙosai a bakin gareji.

Tsohuwar ta ci gaba. Can sai ta dakata, ta ɗago ta dube ni, ta matsa gefe.

Ciyawar Malam ce. Fentin siriri ne har ana hango katako, kowane ganye da jan buroshi ɗaya aka yi shi, daga ƙasa zuwa sama, ba komawa. Na manta da cewa haka yake yi. Ni sau biyu nake bin kowane ganye, kuma na ɗauka daga wurinsa na koya. Bakin wutsiyar ma ba a inda nake sa shi yake ba, ya karkata kamar faɗin yatsa, yana da wata lanƙwasa da ta ɓace tun a hannun Habu. Shekara da shekaru ina bugun ƙirji a Makarfi cewa hannuna da na Malam ba a rarrabewa. Na tsuguna a gaban mutanen nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Madam Odil ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ba ni haƙuri, Issufu ya juya, na ce ya wuce. Ba ta rufe baki ba kuma ta ce, tunda ga shi hannun Malam na nan lafiya, me zai hana a cire na saman duka? Sai zargina ya dawo sabo. Na miƙe na ce tafin hannu muka yi, tafin hannu aka kankare. Habu na cikin katakon nan, ba wanda zai kankare shi ya zubar a kwandon shara. Ta roƙa, ta kawo hujjoji, wasu ma ban da amsarsu. Na dai ce a'a.

An yi baje kolin. Aka rataye ƙyauren a tsakiya, zakin murafun kwalba a dama, na Aminata a hagu. Ban yarda da 'yar takardar da suka manna a gefe ba sai da Issufu ya karanta min, sannan na sa Aminata ta nuna min sunayen da yatsa: Malam, Habu, ni. Jama'a suka yi ta zuwa, kuma kusan kowa sai ya durƙusa a kusurwar nan yana leƙen tafin hannu ɗaya, ya bar zaki guda a tsaye yana sheƙi. Abin ya yi min zafi da farko. Daga baya, idan ɗakin ya yi sauƙi, ni ma can nake durƙusawa.

Da aka tashi, ni na mai da shi akwati, ni na buga ƙusa. Madam Odil ta ce don Allah kada in rufe wurin idan na koma. Na ce ba nawa ba ne. Issufu ya raka ni filin jirgi, na ba shi hulata, ya ce Allah ya sa dai ban ƙirga zaren ba.

Akwatin ya iso Makarfi bayana. Ya kwana a shagona, ga fenti ga buroshi, aikin da ba zai ɗauke ni komai ba, kuma idon Inna ya yi rauni, da wuya ta gane an rufe wurin. Na buɗe gwangwanin, na sake rufewa. Da safe na sa shi a mota yadda yake, na ɗauki gwangwanin da buroshi na nufi Kudan.

A zaure na jingine shi. Inna ta fito tana dogara sanda, na durƙusa muka gaisa, ta yi min barka da hanya, ta tambayi mutanen can kamar ta san su. Sai ta juya wajen ƙyauren. Ta bi shi da kallo daga geza har wutsiya, ta tsaya.

"Lawal, me ya same shi a nan?"

Na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Na ce amanar da ta ba ni ban cika ta yadda ta ce ba, ta yafe min. Na ce ga fenti na zo da shi, yanzun nan zan rufe.

Ta jingine sandar, ta dafa bango ta sauka a hankali har gwiwarta ta kai ƙasa. Ta kai fuskarta dab da katakon, ta sa yatsa tana bin ganyen ciyawar ɗaya-ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ta daɗe a haka.

"Nasa ne," ta ce. "Ina kawo masa fura yana wannan."

Na matso da gwangwani a hannuna.

"Mai da fentinka, Lawal. Ka bar min wurin nan. Ranar da kuka rufe ni, ka zo ka rufe shi."

Na sa buroshin a aljihu. Na nemo guduma na zare ƙusar da ake rataye shi a da, na sauko da ita ƙasa, daidai inda hannunta zai kai idan tana zaune a tabarma.